MAI SAYE MA YANA CUTA

Kullum in an tashi zancen cinikin waya, kukan mai saye ake ji, watau ya biya kuɗi an aiko masa da jabu. Ba shakka ana yin haka. Amma akwai wani kuka wanda ba mai saurara, shi ne na ƙaramin ɗan kasuwa, kuma a kansa muke so mu jawo hankalin jama'a a wannan mako.

Ga yadda abin yake. Saurayi a Dauran ko Zurmi ya sa hoton waya ko shadda a Facebook ko WhatsApp. Wani daga nesa ya taya, aka sallama, aka ba direba kaya a tasha. Bayan kwana biyu sai ya bugo, wai kaya da aibu, a mayar masa da kuɗinsa. Ɗan kasuwa, don gudun ɓacin suna, ya mayar. Ran da kwali ya dawo sai a tarar da matacciyar waya a ciki, ko kuwa rabin shaddar. Jari ya tafi, ga kuɗin mota zuwa da komowa. Bin sawu kuwa ba dama, gama kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mai da hanyoyinmu. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe a Zamfara saboda su.

Ba mu ce a hana mayar da kaya ba. Dokar kare mai saye ta 2018 ta ba shi wannan dama in kaya sun zo a lalace, ko ba su ne aka nuna masa ba, kuma daidai ne. Amma wanda ya musanya kaya ba haƙƙinsa ya nema ba, cuta ya yi, cuta kuwa laifi ce a dokar ƙasar nan.

Ciniki da baƙon ido ba yau aka fara shi ba. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, fatake ba su sakar wa baƙo kaya sai fatoma ko dillali ya tsaya masa. Waya ta kawar da dillali, ba ta kawo mai tsayawa a madadinsa ba. To, lalle ne mu tsayar da shaida da kanmu.

Ya 'yan kasuwa, kada ku ɗaure kaya sai kun ɗauki bidiyonsu gaban direba. In waya ce, ku danna *#06#, ku rubuta lambar nan mai alƙaluma 15 a rasit, domin kowace waya da tata. Ku faɗi sharaɗin mayarwa a rubuce tun kafin a biya. Sa'an nan kada ku mayar da ko kwabo sai kaya sun dawo hannunku kun kwance su gaban shaidu. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi irin wannan hujja.

Muna kuma kira ga shugabannin kasuwa da na tasha a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su buɗe littafi, kowane saƙo a rubuta mai shi da mai karɓa da abin da ke ciki. Alƙalai da 'yan sanda kuwa kada su raina ƙara don kayan kaɗan ne, gama wannan kaɗan ɗin shi ne dukan jarin talaka. Mu tuna, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.