Abin da Ke Bayan Gilashi

A wannan wata wani ɗalibina ne ya ba ni abin da zan yi magana a kai. Ran nan bayan an tashi makaranta ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya nuna mini hoto a wayar yayansa: tagar wani babban kanti a birnin Paris, an cika ta da fitilu da 'yan tsana masu rawa. Ya ce, "Malam, nawa ake biya a shiga kallon wannan?" Na ce masa ko sisi, a bakin titi take, kowa ya zo wucewa sai ya kalla. Ya yi shiru, can ya ce, "To, su mene ne ribarsu?" Wallahi tambayar ta fi wasu da nake yi musu a jarrabawa.

Mai karatu, wannan al'ada ta ƙawata tagogin kantuna lokacin Kirsimeti ta daɗe. Kantin Macy's na birnin New York a Amurka yana cikin na farko, tun shekarar 1874, inda ya jera 'yan tsana a taga don jawo masu wucewa. A Ingila kuwa, lokacin da Harry Gordon Selfridge ya buɗe kantinsa a titin Oxford na Landan a 1909, ya bar tagoginsa da haske har dare bayan an rufe ciniki, don mutane su yi ta kallo ko ba su sayi komai ba.

Kantin Lord & Taylor ne ya fito da dabarar a fili. A ƙarshen shekarun 1930 ya shirya tagogin Kirsimeti da babu kayan sayarwa ko ɗaya a cikinsu, sai ado kawai. Ka ga ke nan ba rigar da ke taga ake son ka saya ba. So ake ka tsaya, ka kira matarka da 'ya'yanka su gani, sunan kantin ya zauna muku a rai. A Paris ma, kantunan Galeries Lafayette da Printemps da ke titin Haussmann sukan kafa ɗan dandamalin katako a gaban tagogin tun watan Nuwamba, don yara ƙanana su hau su gani da kyau. Yaron da ya hau yau, shi ne mai sayen gobe. Amsar tambayar ɗalibina ke nan.

To, me ya shafe mu? Da can sai wanda ya yi tafiya ke ganin irin wannan, ya dawo ya ba da labari. Yanzu tagar ta biyo mu har ɗaki ta cikin waya. Kuma a manyan biranen ƙasar nan, watan Disamba na kamawa sai kantuna su ɗaura fitilu, yaranmu na wucewa ta gabansu safe da yamma. Hana su kallo ba zai yiwu ba, kuma ni ban ga laifin kallon abu mai kyau ba. Abin tsoro shi ne yaro ya kalli gilashi, ya juyo ya kalli gidan ubansa, ya raina shi. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma mun san magidanta nawa ne suka ci bashi a lokacin salla don kada a ce 'ya'yansu sun kasa na maƙwabta.

Shi ya sa washegari na ɗauki hoton na shiga da shi aji. Na ce wa yara su manta da kuɗin kayan, su faɗa mini hannun wa da wa ya taɓa wannan taga. Sai ga amsoshi: kafinta ya haɗa katako, tela ya ɗinka wa 'yan tsana kaya, mai fenti ya zana bango, mai gyaran wuta ya ja wayoyi, makaniki ya sa injin da ke motsa su. Gaskiyarsu kuwa. Wasu kantunan sukan kwashe kusan shekara guda suna shirin tagar da ba za ta wuce 'yan makonni ba. A Lord & Taylor, a da can a ƙarƙashin ƙasa ake haɗa komai, in an gama sai inji ya ɗago shi zuwa daidai titi.

Sai na tambaye su, "Wa ubansa ke ɗaya daga cikin sana'o'in nan?" Kusan rabin ajin suka ɗaga hannu, waɗansu a kunyace. Wannan kunyar ce ta fi damuna. Yaro yana sha'awar aikin kafintan Paris, amma yana jin nauyin faɗin cewa ubansa kafinta ne a zango.

Kantin Lord & Taylor na titin Fifth Avenue, duk da shaharar tagoginsa, an rufe shi a watan Janairun 2019. Ado bai hana shi faɗuwa ba. Amma wanda ya iya riƙe zarto ko allura, in kanti ya rufe, da sana'arsa yake fita.

Don haka iyaye, in yaro ya nuna muku irin hoton nan, kada ku kore shi, kada kuma ku yi ajiyar zuciya a gabansa. Ku zauna ku kalla tare, ku tambaye shi yadda aka yi abin, sannan ranar Asabar ku aike shi shagon kawunsa ya ga yadda ake yanka katako.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.