Yajin Karatu Domin Sauyin Yanayi: Wa Zai Ji a Jikinsa?

Wasu iyaye daga cikin ɗalibanmu na ajin yaƙi da jahilci sun sha tambayarmu game da abin da 'ya'yansu ke gani a wayar salula, wato yaran makaranta na wasu ƙasashe da ke ƙin shiga aji ranar Juma'a domin zanga-zanga a kan sauyin yanayi. Suna so su sani, idan yaro ya ce shi ma zai yi, a bar shi ko a hana shi?

Abin ya faro ne a watan Agustan 2018, lokacin da Greta Thunberg, yarinya 'yar shekara 15, ta ƙi zuwa makaranta ta je ta zauna a ƙofar majalisar dokokin ƙasarsu Suwidin riƙe da kwali. Kafin ka ce kwabo abin ya bazu, har ranar 20 ga Satumban 2019 miliyoyin mutane suka fita tituna a faɗin duniya. A Nijeriya, Oladosu Adenike, wadda ta yi karatu nan kusa da mu a Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, na cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan kira.

Babu shakka yaran nan suna da gaskiya. Mutumin Awe ba ya bukatar Bature ya gaya masa damina ta sauya hali. Mun ga yadda Binuwai ya cika ya batse a 2012, ya kuma sake a 2022, mutanen Tunga da ƙauyukan bakin kogi shaidu ne. Ambaliyar 2022 kaɗai ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasar nan, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu. Haka nan sashe na 39 da na 40 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowane mutum 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da na yin taro, ba su ce sai ɗan asalin gari ba. Saboda haka duk uban da ɗansa ya zo masa da wannan magana, kada ya daka masa tsawa, ya zauna ya saurare shi.

To amma barin aji fa? A nan ne muka rabu da su. Ma'aikaci yana yajin aiki ne domin wanda yake yi wa aikin ya ji a jikinsa. A Suwidin kusan kowane yaro yana makaranta, idan kujera ɗaya ta zama babu kowa a kai, malami zai tambaya, hukuma za ta damu, 'yan jarida su zo. A wajenmu wa zai lura? Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, a 2022 kuma UNESCO ta ce adadin ya kai kusan miliyan 20, alhali dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Ranar kasuwa aji rabi ne, lokacin yankan riɗi da haƙar doya ma haka, ga watannin da annobar korona ta cinye a 2020. Ita kanta Juma'ar rabin yini ce, ana tashi da wuri saboda masallaci. Yaronmu da ya ƙi zuwa makaranta ya dai ƙara yawan waɗanda ba a kula da rashinsu ne, babu kwamishinan da zai kasa barci a Lafiya saboda shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Ɗanmu da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, yana iya zuwa neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma a ce masa ya koma garin kakansa, garin da bai taɓa takawa ba. In babu ita, tallafin karatu da gurbin aikin gwamnati sai ya gani a hannun wasu. Takardar da babu mai iya hana shi ita ce sakamakon WAEC ko NECO da ya ci da guminsa. Mu da ke koyar da manya muna ganin magidanci mai shekara 50 da ya dangwala yatsa a takardar hayar gona bai san abin da ke ciki ba, sai bayan ya yi shuka aka karanta masa. Irin waɗannan dattawa da ke zuwa aji bayan Isha'i, da gajiyar yini a jikinsu, ba za ka iya gamsar da su cewa yini ɗaya na makaranta abin wasa ne ba. Kuma a lura, Greta ta kammala sakandare a 2023, Adenike kuwa digiri gare ta.

Sai batun tsaro, wanda bai kamata mu ɓoye wa juna ba. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, an tsare yara da dama daga Kano da Kaduna kusan wata uku, aka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. A garinsu aka kama waɗannan. Ina ga wanda ake kira baƙo, wanda da an yi hayaniya shi za a fara nuna wa yatsa?

Shawararmu ita ce, a bar yara su yi magana, amma ranar Asabar ko bayan an sauko daga Juma'a, tare da malamansu da iyayensu, da sanin hukuma. Kuma a yi ta da alƙalami. Akwai Dokar Sauyin Yanayi da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na dala miliyan 700, domin farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja, har da Nasarawa. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare su rubuta wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarmu na jiha, su tambaya me ya iso Awe daga ciki, ina kuma shirin da aka yi wa mutanen bakin kogi kafin ruwa ya sake zuwa. Su tambaya har da buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi, daga wane daji aka saro itacensu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar da aka tambaya a rubuce kwana 7 ta ba da amsa. Duk ɗaliban da suka shirya irin wannan wasiƙa su kawo ofishin ƙungiya, za mu duba musu ita, mu kuma raka su kai ta.