Kacalla da kainuwa: a tsare su, a sa su aiki

Duk wanda ya zaga unguwannin Ƙonni ko Malbaza ko Illela da rani zai ga ruwan wanki da na wanka yana fita ta rariyar gidaje. Yana bin lungu, ya taru a rami, ya yi baƙi, ya yi wari. Awaki suna sha, yara suna wasa a bakinsa. In damina ta sauka, sai ruwan sama ya kwashi wannan dauɗa ya kai ta ƙorama da tabki. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da aka zubar a ƙofar gida, shi ake tararwa a tabki.

Injin tace ruwa irin na manyan birane yana da tsada, yana kuma cin wutar lantarki. Amma akwai tsirrai biyu da ke iya rage dauɗar ruwa ba tare da inji ba. Su ne kacalla da kainuwa. Sai dai manoma da masunta sun ɗauke su abokan gaba, kuma suna da dalili.

Kacalla ciyawa ce ta cikin ruwa. Tana fin mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero. A Najeriya an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992. Bayan haka ruwa ya daina janyewa da rani a wurare da yawa na fadamar Haɗeja da Nguru. Nan kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar jan baki, tsuntsun nan mai ɓarnar hatsi.

Kainuwa kuwa iri biyu ce. Akwai ta gida, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah. Akwai kuma baƙuwa mai fure shuɗi-shuɗi, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Ta bayyana a kogin Isa, wajen Yamai, tun ƙarshen shekarun 1980. In ta samu ruwa mai dauɗa, cikin mako biyu tana iya ninka yawanta. Tana rufe ruwa, ta hana jirgi wucewa, ta shaƙe kifi.

To, yaya mai ɓarna irin wannan zai zama mai gyara? Amsar tana cikin saiwa. Ruwan ƙazanta yana ɗauke da abincin tsiro, irin wanda ke cikin taki. Saiwoyin suna tsotse shi, shi ya sa tsirran suke girma da sauri. Saiwoyin kuma suna rage gudun ruwa, sai laka ta kwanta a ƙasa. Ban da haka, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna zaune a jikin saiwa, suna narkar da dauɗa. Masana na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai sun gwada tace ruwan ƙazanta da tsirrai masu yawo a kan ruwa. A Wagadugu ma an yi irin wannan gwaji da kainuwa ta gida. Ruwan da ya fita daga tankunan gwajin ya fi wanda ya shiga tsabta.

Saboda haka ya kamata garuruwan jihar Tawa su koyi wannan dabara. Amma da sharaɗi, domin wutar da ke dafa tuwo ita ce ke ƙona rumbu.

Sharaɗi na farko, a shuka su cikin rami ginanne, mai shinge, nesa da ƙorama. Ƙasar Ƙonni tana da abin da za ta yi hasara. Ruwan gulbin Majiya da aka tare a madatsun Mozage da Zango shi ke shayar da gonakin rani fiye da eka 2000. Manoman albasa na Galmi ma da ruwa suke rayuwa. Yamma da Illela akwai tabkin Ɗan Dutsi, wanda a 2005 aka sa shi cikin jerin wurare masu ruwa da duniya ta yarda a kiyaye. Baƙuwar kainuwa kam kada a kawo ta ko kaɗan, domin tsiro ɗaya da ya kuɓuce ya isa ya zama bala'i.

Na biyu, a riƙa yanke su a kan kari. In aka bar su suka ruɓe cikin ramin, dauɗar da suka sha za ta koma ruwa. Kacalla kuma a yanke ta tun kanta bai nuna ba, domin iska ce ke watsa irinta. Abin da aka yanke yana da amfani. Ana saƙa tabarma da kacalla, ana jinka da ita, a garin Roso na Muritaniya har gawayi ake yi da ita.

Na uku, ruwan da aka tace ta haka ba na sha ba ne. Ƙwayoyin cuta ba su ƙarewa duka. Ya dace da ban ruwan itatuwa da kwaɓin ƙasar gini. A kula da sauro, da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya. In kuwa ruwan ya haɗu da baƙin man inji ko tsohon batir, kada a ba dabba tsiron da ya sha shi.

Wani zai ce gara a bar wannan aiki gaba ɗaya, tun da akwai haɗari. Amma ramin baƙin ruwa da ke bakin gida shi ma haɗari ne, kuma kullum ana zaune da shi. Ƴan makaranta suna iya fara gwaji da bokiti biyu na ruwan kwata, ɗaya da kainuwa ta gida, ɗaya babu. Su rufe da gidan sauro, su duba bayan mako biyu. In sun gama, su shanya tsiron a rana har ya bushe, su wanke hannu da sabulu, sannan su gaya wa iyayensu abin da suka gani.