Haƙƙin Ɗan Ci-rani Yana Wuyanmu

'Yan'uwa, cin rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Daga Dandin Mahe har Boɗinga, da an kai amfanin gona gida sai samari su fita nema, su komo da faɗuwar damina. Amma tafiyar yau ta sha bamban. Dillali ke yi wa mutum romon baka ya kai shi Saudiyya, ubangida ya riƙe fasfonsa, ya danne masa albashi. In ya gudu ya zama marar takarda, sai kamu da tsarewa.

A watan Janairun 2021, sai da bidiyon 'yan Nijeriya da ke tsare can ya bazu, sannan gwamnati ta kwaso mutum 384 a jirgin farko zuwa Abuja. Ashe sai an yi kururuwa ake jin kukan talaka?

Muna kira ga ofisoshin jakadancinmu na Riyad da Jidda su riƙa zagaya wuraren tsarewa, su bi wa ma'aikata haƙƙinsu. Iyaye kuwa, kada ku saki ɗa ko ɗiya babu rubutacciyar yarjejeniya. Cin gumin ma'aikaci zalunci ne, ko a ƙasa mai tsarki aka yi shi.

Allah Ya kuɓutar da su, amin.