Ajin Ginin Tukwane: A Faɗa wa Yara Ma'aunin Maki Tun Ranar Farko

A makarantun sakandare na Gana, ginin tukwane yana cikin darussan da ɗaliban sashen zane da ƙere-ƙere ke zaɓa, tare da dukanci, saƙa da sassaƙa. Hukumar WAEC tana ba da sakamakonsa daga A1 zuwa F9, kamar lissafi ko Turanci, kuma jami'o'in ƙasar nan ba sa karɓar abin da ya gaza C6. Ke nan makin da malami ya rubuta a kan tukunyar yaro yana iya buɗe masa ƙofar jami'ar KNUST ta Kumasi, ko ya rufe ta. Ba wasan laka ba ne, kamar yadda wasu iyaye a Nima da Aboabo ke ɗauka.

Tunda haka abin yake, dole a san da me ake auna yaron. A lissafi amsa ko dai daidai ce ko kuskure. Tukunya fa? Wani malamin ya ga kyau, wani ya ga muni. In ba a rubuta ƙa'ida ba, maki ya koma son rai, kuma yaron da ya samu 45 ba shi da bakin tambayar dalili.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, kowane malami ya kafa ma'auninsa a bangon aji tun makon farko: maki kaza na kwaɓa yumɓu, kaza na zanen abin da za a gina, kaza na daidaiton kauri da ƙarfin gindi, kaza na ado, kaza na tsaftar wurin aiki. Yaro ya kwafa a littafinsa, ya kai gida iyaye su gani.

Abu na biyu, kada a ɗora maki duka a kan abin da ya fito daga wuta. Duk magini ya san yumɓu yana tsukewa in yana bushewa, yana kuma ƙara tsukewa a wuta. In aka gasa tukunya da sauran danshi a jikinta, tana iya fashewa, har ta lalata na kusa da ita. To yaron da ya yi mako uku yana gini, tukunyar wani ta tarwatsa tasa, sifili za a ba shi? Ballantana a makarantar da ba ta da tanderun gashi, inda aikin ke bushewa a kan taga har ya tsage. Maganin wannan mai sauƙi ne: a duba aikin mataki-mataki, a ɗauki hotonsa da waya kafin a gasa, a rubuta maki a kowane mataki.

Haka ma batun kayan aiki. Tun 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin makarantar sakandare, amma in ɗalibi ne zai sayo fenti da sinadarin ƙyalli daga aljihunsa, ɗan mai hali zai kawo abu mai sheƙi, ɗan mai sayar da koko ya kawo jar tukunya. A auna hannu da basira, kada a auna aljihun uba.

Su ma ɗalibai akwai nasu. Zuwa a kan lokaci wajibi ne, don yumɓu ba ya jiran kowa. A rufe aikin da leda kada ya bushe kafin a gama. Kada a taɓa na wani. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon share ta a bushe, domin ƙurar yumɓu tana illa ga huhu in aka daɗe ana shaƙa. Wanda ya bar wurinsa kaca-kaca, a rage masa maki, amma ya zama ya san da dokar tun farko.

Wasu iyayenmu suna ɗari-ɗari saboda gudun a sa yaro ya ƙera mutum-mutumi. A aikin aji wannan ba abin rigima ba ne. Randa, tulu, buta, kaskon turare da asanka duk suna nuna gwaninta, kuma malami mai fahimta zai bar yaro ya zaɓa. A je a yi magana da shi cikin mutunci, ya fi a hana yaro darasin.

Sana'ar tana da daraja. Michael Cardew ya yi aikin tukwane a Vume, bakin kogin Bolta, kafin ya koma Abuja ta da, wato Suleja, inda Ladi Kwali ta shiga cibiyarsa a 1954. Yau hotonta ne a kan naira 20. A Sirigu kuwa, mata sun kafa ƙungiya suna cin abinci da ginin tukwane.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu su wajabta rubutaccen ma'auni, iyaye kuma su nemi ganinsa a taron iyaye da malamai na gaba. Yaron da ya san abin da ake nema a wurinsa, shi ne zai iya gyara aikinsa.