Alewa, Waya da Abu na Uku

Da zarar sakamakon WAEC ya fito, an gama yanke hukunci a majalisun Kankiya da Kusada: yaran yanzu ba su da haƙuri, waya ta tafi da hankalinsu. Hujja kuwa, kowa ya ga masu latse-latse sun faɗi. Ban musa an gani ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda abu biyu sun jero, lalle ɗaya ne ya haifi ɗayan.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun taɓa yin wannan gaggawa. A Jami'ar Stanford ta Amurka, wajen 1970, Walter Mischel yakan ajiye wa yaro alewa ɗaya, ya ce in ya daure bai ci ba har a dawo, za a ƙara masa. Da aka bi sawun yaran bayan shekaru, waɗanda suka daure sun fi cin jarrabawa, sai duniya ta ɗauka haƙuri ne sirrin. A 2018 Tyler Watts da abokan aikinsa suka sake dubawa da yara fiye da 900, suka sa halin gida da ilimin uwa cikin lissafi. Alaƙar ta ragu ƙwarai. Yaron da ya saba a yi masa alkawarin tuwo ya kwana da yunwa, don me zai jira alewa ta biyu?

Abu na uku ke nan, kuma shi muke tsallakewa. Wataƙila yaron da ya faɗi WAEC ya rungumi waya ne don tun aji uku na firamare karatu ya kuɓuce masa, babu wanda ya lura. Wataƙila damina ce ta riƙe shi a gona rabin zango. In haka ne, ƙwace wayar ba zai dawo da maki ko ɗaya ba, illa dai mu ƙara masa tabon lalaci.

Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, da na jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma, ku nake roƙo. In za ku yi bincike kan waya da maki, ku sani takardar tambayoyi tana nuna abin da ke tafiya tare ne kawai. Mai neman sanadi sai ya raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, malami ɗaya, darasi ɗaya, wayar kaɗai za a hana ɓangare guda, sannan a kwatanta makinsu a ƙarshen zango. Kafin a fara, a rubuta wanda ya karya kumallo da wanda ya zo aji da cikinsa babu komai.