Lafiyar Gida: Kumburin yaro ba ƙiba ba ne

Tunda wake da gujiya sun shigo gida, kuma ƴan kasuwa sun fara zagaya ƙauyuka da tiyarsu, muka ga ya dace a wannan fitowa mu yi magana kan abin da zai sa mu riƙe wani kaso a ɗaka kafin mu sayar. Maganar ta shafi jini, da hanta, da kumburin nan da ke kama yaranmu bayan yaye.

Mu fara da jinin. Mu dai ja muke ganinsa, amma in ma'aikacin likita ya ɗebi jini a ƴar kwalba ya sa a na'ura, sai ya rabu biyu: jan ya kwanta ƙasa, wani ruwa mai launin rawaya ya taso sama. Irinsa ne muke gani cikin bororo in mai ya ƙona mu wajen tuya. Wannan ruwan jini ya ɗan fi rabin jinin da ke jikinmu, kuma ba ruwa ba ne tsura. Cikin kowace lita akwai wajen giram 70 na furotin, wato sinadarin nan mai gina jiki da malaman lafiya ke yawan faɗa mana.

Furotin ɗin ruwan jini iri-iri ne, kowane da aikinsa. Akwai wanda ke sa jini ya daskare in wuƙa ta yanke mu ko bayan haihuwa. Akwai masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Akwai masu dako, su ke kai sinadarin ƙarfe da bitamin A da magungunan da muka sha inda ake bukatarsu. Wanda ya fi duka yawa, fiye da rabi, sunansa albumin, kuma babban aikinsa shi ne riƙe ruwa cikin jijiyoyi. Kun san yadda garin kuka ke kama ruwan miya ya hana shi tsinkewa? To kusan haka ne. In albumin ya yi ƙaranci, ruwa sai ya riƙa zurarewa daga jijiya yana taruwa ƙarƙashin fata, ƙafa ta kumbura, sai hannu, sai fuska.

Hanta ce ke ƙera albumin da mafi yawan sauran, ban da masu yaƙi da cuta, waɗanda fararen ƙwayoyin jini ke yi. Hantar babban mutum tana yin giram 10 zuwa 15 na albumin kowace rana, ba hutu, domin cikin kamar mako uku rabin wanda ke jiki ya tsufa an kawar da shi. Da me take yin sabon? Da abin da muka ci. Wake ko nono ko ƙwai in ya shiga ciki, hanji yana warware shi zuwa ƙananan guntaye, jini ya kai su hanta, ita kuma ta sake jera su. Guntayen nan iri 20 ne, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya yin su da kansa, dole daga abinci za su zo.

Ga inda matsalar take. Jiki yana da rumbun kitse, amma ba shi da rumbun furotin. In zubi ya tsaya, sai ya koma yana cin uwar kuɗi, wato yana zaftare naman damtse da na cinya don hanta ta samu na aiki. Duk wadda ta taɓa riƙe akwatin asusu ta san ƙarshen ƙungiyar da ake ɗiba ba a zubawa. Shi ya sa naman Layya na kwana uku ba ya biyan bashin wata shida na kunu tsararo. Kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a shekara.

Wata za ta ce, to hatsi fa, ba abinci ba ne? Abinci ne, kuma yana da furotin, wajen kashi 11 cikin 100. Sai dai ɗaya daga guntayen nan 9, wanda ake kira lisin, kaɗan ne ƙwarai a hatsi da dawa da masara. Wake kuwa yana da shi da yawa, kuma furotin ɗinsa ya ninka na hatsi. Abin da wake ya gaza a kai, hatsi na da shi. In an haɗa su a rana ɗaya, hanta ta samu kayan aiki cikakku. Iyayenmu da suka haɗa hura da nono, suka sa daddawa a miya, suka zuba ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ba su san sunan lisin ba, amma dabararsu daidai take. Mu ne yau muke dama hura da ruwa zalla mu kai nonon kasuwa.

Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne yaron da aka yaye farat ɗaya don uwa ta samu ciki. Jiya yana da nono, yau sai koko. Cikinsa ƙarami ne, koko ya cika shi da ruwa, ya ƙoshi amma bai samu abin gina jiki ba. A asibiti ana kiran tamowa mai kumburi kwashiwoko. Kalmar daga harshen Ga na ƙasar Ghana take, inda wata likita mai suna Cicely Williams ta bayyana ciwon a shekarun 1930, kuma ma'anarta ciwon da ke kama babban yaro in an samu ƙaninsa. Ashe ba mu kaɗai muka san illar kwanika ba. Malaman lafiya sun ce mai ciki lafiyayya za ta iya ci gaba da shayarwa, nononta bai zama guba ba, sai dai ita ta ƙara ci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba abinci kaɗai ba ne ke kawo kumburin. In yaro ya yi ƙyanda ko zawo mai tsawo ko zazzaɓin cizon sauro, hanta tana rage yin albumin ta koma yaƙi da cutar, ga shi yaron ba ya cin abinci. Shi ya sa muke yawan ganin kumburi bayan jinya. Ita ma hantar sai tana da lafiya. Gujiya ko masarar da ta yi funfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi, don haka a tsince ruɓaɓɓu a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da su. Allurar rigakafin jarirai ta mako 6 da 10 da 14 tana kare su daga wani mugun ciwon hanta, kada mu tsallake ta.

Yaya za mu bambance kumburi da ƙiba? Ki danna bayan ƙafafun yaro biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. In rami ya zauna a ƙafafun duka biyu, ruwa ne. Sau da yawa za ki ga gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, ba ya wasa, ba ya son abinci. Ko igiyar awon damtse ta nuna kore, wannan yaro a kai shi likita ranar, ba gobe ba. Kada a ce iska ce a tsaya hayaƙi. Kuma kada a ce tunda furotin ya rasa bari a ɗura masa nama da ƙwai a gida. Jikinsa ya raunana, ba zai iya ɗauka ba. A cibiyar kula da tamowa, wadda ake kira CRENI, da wata madara ta musamman mai sauƙi ake farawa, kaɗan-kaɗan, sai kumburin ya sauka a ƙara ƙarfin abincin. Haka mai ciki da fuskarta da hannunta suka kumbura, ko tana ciwon kai, ta je a auna jininta, domin yana iya zama hawan jini. Ciwon ƙoda ma yana sa albumin ya tsiyaye cikin fitsari.

To ga abin da muke so kowace ƙungiya ta tattauna a zaman wannan mako.

Na farko, kunun yaro daga wata 6. Gwangwani uku na hatsi, gwangwani ɗaya na wake da aka soya aka cire ɓawo, a niƙa tare. In za a dama a sa cokalin tunkuza ko garin ƙuli-ƙuli, a yi shi da kauri, kada ya tsiyaye daga cokali. Nonon uwa kuma a ci gaba har shekara 2.

Na biyu, ƙwai. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6 na furotin mai kyau. Maganar cewa yana sa yaro sata ko ya hana shi magana ba ta da tushe. In kaza ta yi biyar, biyu na yara ne. Haka nonon jar akuyarmu ta Maradi, a tafasa a ba yaron da aka yaye, da awara, da fara, da garin busasshen kifi a miya.

Na uku, mu kanmu. Mace mai kilo 60 tana bukatar wajen giram 50 na furotin a rana, mai ciki da mai shayarwa fiye da haka. Mu daina zama na ƙarshe a kwano.

Na huɗu, wake. Kowace shekara muna sayar da shi da arha a kaka, mu sayo shi da tsada da damina, lokacin da tamowa ta fi yawa. Ƙungiya za ta iya haɗa tiya-tiya, ta sa a buhun nan mai rufi uku da ke hana ƙwari, ta ɗaure sai bazara ta wuce, a raba wa masu ƙananan yara da masu ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran, kuma a gwada dannan ƙafar nan a gaban kowa don kowace uwa ta iya. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci. Sai fitowa ta gaba.